HAƘƘINMU DA NA 'YA'YANMU A ZAMANIN WAYAR SALULA

Jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a taron iyaye da matasa, unguwar Sabo, Ibadan



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya nuna mana wannan rana lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamanmu da malamanmu, shugaban wannan ƙungiya, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyayenmu mata, matasa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, da fatan Allah Ya ba da ladan zumunci.

Bayan haka, kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wayar salula da intanet da wasannin da yaranmu ke yi a cikinsu, da kuma haƙƙin da doka ta ba mu a wannan fage. Dalilin zaɓen wannan batu shi ne, koke-koken da ake kawowa ofishin ƙungiya sun sauya kama. A da rigimar kuɗin haya ce da ta rumfar kasuwa. Yanzu an ƙara da wanda aka kwashe masa kuɗi a banki, da wanda aka kama saboda layin da bai taɓa kira da shi ba, da uwar da ɗanta ya daina barci saboda gem.

Idan aka zauna a majalisa, ra'ayi uku nake ji. Wasu dattawa na cewa waya ce ta lalata tarbiyya, don haka a ƙwace ta daga hannun yara kowa ya huta. 'Yan kasuwa na cewa ba don waya ba da kasuwa ta tsaya, domin da ita ake jin farashin albasa a Aliero da na shanu a Potiskum kafin mota ta taso. Matasa kuma na cewa zamani riga ne, a ƙyale su su sa tasu. Kowa da gaskiyarsa. Amma akwai abin da ba kasafai ake ambata ba, kuma shi ne ginshiƙin maganata a yau. Layin da ke cikin wayarka yana ɗauke da sunanka da hotonka da zanen yatsunka, kuma a haɗe yake da asusunka na banki. Duk abin da aka yi da shi, kai za a nema. Mu kuwa da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu, babban jarinmu shi ne sunanmu na kirki. Don haka wajibi ne kowane magidanci ya san abin da doka ta ba shi a kan wannan suna, da abin da ta ɗora masa.

Abin da doka ta ce

Da yawanmu mun taso muna ba direba wasiƙa ko kaset ɗin murya ya kai gida. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a ƙasar nan, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, sannan Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa. A 2011 aka fara rajistar layuka, a 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, a watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Ta haka ne waya ta tashi daga abin gaisawa da dangi ta koma katin shaida.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsu. Waɗannan mun sha jin su a tarukanmu. Wanda nake so mu riƙe yau shi ne sashe na 37, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Babu inda aka ce wannan kariya ta ɗan asalin jiha ce kaɗai.

Sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashin wannan doka, duk kamfani ko ofishin da ya karɓi bayananka, kana da haƙƙin a gaya maka abin da za a yi da su, da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanka, da neman a gyara in an yi kuskure, da janye yardar da ka bayar, da neman a goge bayanan idan babu sauran dalilin riƙe su. In aka ƙi, kana iya kai ƙara ga hukumar. Kada wani ya ce dokokin kare jama'a na takarda ne kawai. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025.

Layi da lambobin sirri

Jama'a, mu mutane ne masu kara, amma akwai inda kara ke jawo nadama. Baƙo ya sauka yau daga gida, ba shi da NIN, sai maigidansa ya ce bari in yanka maka layi da sunana. Gobe ya sayar da wayar da layin a ciki, ko a sace ta, layin ya faɗa hannun mai garkuwa da mutane ko ɗan damfara. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, sunan maigida za su gani da adireshinsa na Sabo. Taimakon da ya dace shi ne a raka baƙo ofishin hukumar NIMC ya yi rajistar kansa, domin rajistar farko kyauta ce. Haka nan kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi, haramun ne a doka.

Wani abin lura shi ne, idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani. Mu da mukan tafi gida noma ko jinya mu yi watanni, mu kula da wannan. In layin da ke haɗe da bankinka ya ɓace ko ya mutu, je banki a ranar ka sa a toshe, ka canja lamba. In magidanci ya rasu, magada su yi hanzarin sanar da banki kafin layinsa ya koma hannun wani.

Lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki ke turowa ta saƙon tes, da lamba shida da WhatsApp ke turowa, babu ma'aikacin gaskiya da zai kira ka ya ce ka karanto masa su. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da Hausa ya yi maka magana, ko da ya fara da sallama da kiran sunan mahaifinka. A wajen mai POS, kai za ka danna lambarka da hannunka. Masu yawo kasuwa da fom suna karɓar NIN da BVN da sunan tallafi kuwa, a yi musu tambaya uku: wa ya aiko ku, ina ofishinku, me za ku yi da lambata? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Bashin cikin waya

Akwai manhajojin da ke ba da rance cikin minti biyar ba jingina. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Jinginar ita ce sunayen da ke cikin wayarka, waɗanda ka ba su izinin kwashewa lokacin da ka danna yarda ba tare da karantawa ba. Da ka makara kwana biyu, sai a tura wa surukinka da limaminku da abokan cinikinka cewa kai ɓarawo ne. Hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista, sannan a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga jerin sunaye da hotunan masu waya. Bashi hanji ne, wanda ya ci ya biya, wannan babu gardama. Amma tozarta mai bashi a idon duniya saɓa doka ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla. Wanda abin ya shafa kada ya goge saƙonnin, su ne hujjarsa.

Wasannin yara

Yanzu na zo kan abin da ya fi damun iyaye mata. Wasa ba sabon abu ba ne. Mun yi langa, mun yi dara, wasunmu sun kwana suna wasan maciji a Nokia 3310. Yaron da ya je gidan gem ya buga ƙwallon PlayStation da abokansa awa ɗaya ya dawo, bai yi laifi ba. A wajen nan ma 'ya'yanmu ke sabawa da 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo, wasu kuma daga nan suke fara sha'awar gyaran waya da aikin kwamfuta.

Abin da ya bambanta wasannin yau, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG na waya a 2018, da Call of Duty na waya a 2019, abu uku ne. Na farko, kyauta ake sauke su, amma a ciki ake sayar da riga da bindiga da ado da kuɗi na gaske, kuma an tsara su yadda yaro zai ji kunya in abokansa sun saya shi bai saya ba. In katin bankin uba na haɗe da wayar, dannawa ɗaya ta isa. Na biyu, akwai akwatin sa'a, inda yaro zai biya kuɗi bai san abin da zai fito masa ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan akwati caca ne. Na uku, yaro yana hira da murya da mutanen da bai sani ba, wasu manya ne masu shigar yara, su tambaye shi hotonsa da unguwarsu da lambar wayar babansa.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba da kuma dabarun sa mutane sayayyar da ba su yi niyya ba. Ƙasar Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Sai dai a lura da sharaɗin da ta gindaya: sai yaro ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan komai, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma a bisa al'ada sai abin ya kai kamar shekara guda. Saboda haka ba kowane yaro mai son gem ne ke da cuta ba. Alamomin da uwa za ta duba su ne barci da salla da karatun boko da na Islamiyya da cin abinci tare da 'yan uwa. In waɗannan suna nan daram, a kwantar da hankali.

Fasa waya da duka ba sa magani, domin yaro zai koma wayar abokinsa inda idonka ba ya kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane wasa yana da lambar shekaru a jikinsa a inda ake sauke shi, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma ko wanda bai yi boko ba zai gane lamba. A cire katin banki daga wayar da yaro ke taɓawa. A yanka lokaci, kuma waya ta kwana a ɗakin iyaye. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta, wadda ke rufe wayar yaro in lokaci ya cika. Uba ya zauna sau ɗaya ya ce nuna mini yadda ake yi da waɗanda kake yi da su, zai ji abin da bulala ba za ta fito da shi ba. Dokar 2023 ma ta ce a nemi yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan ƙaramin yaro, to mu ma kada mu zama masu watsa hotunan 'ya'yanmu da rigar makaranta ga duk duniya.

Amma a raba gem da caca. Shagon da ake zuba kuɗi a kan ƙwallo, har da ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta kowane 'yan mintoci, wannan caca ce tsagwaronta, addininmu ya haramta ta, doka kuma ta hana ta ga wanda bai kai shekara 18 ba. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon kula da harkar caca a yankunansu, don haka shagon da ke karɓar kuɗin yara, hukumar jiha za mu kai wa kuka a rubuce.

Ga 'ya'yanmu mata, akwai masu karɓar hoto da sunan soyayya, daga baya su ce a ba su kuɗi ko su watsa. Wannan babban laifi ne a dokar laifukan intanet. Roƙona ga iyaye shi ne, in yarinya ta kawo kuka a saurare ta a rufa mata asiri, domin tsoron dukan gida ne ke sa ta yi shiru har mugu ya ci gaba da tatsar ta.

Binciken waya a kan hanya

Matasanmu masu acaba da masu dako da 'yan tireda sun sha kawo ƙarar cewa an tsayar da su an ce su buɗe waya. A watan Oktoba na 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya haramta wa jami'ansa binciken wayar mutane barkatai a kan hanya, kuma rundunar ta sha nanata wannan umarni. Duk da haka, ɗana, kada ka yi kokawa da mai bindiga. Yi magana da ladabi, ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa da wurin da lokacin, in ya nace ka ce a tafi caji ofis, ka kira ƙungiya. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, beli kyauta ne, kuma doka ta hana kama wani a madadin wani. In za ka sayi wayar hannu, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin wayar guda 15, wadda ke fitowa in ka danna *#06#. Araha ta kai mutane da yawa kurkuku.

Abin da muke turawa

Haƙƙi tafe yake da nauyi. Sashe na 39 ya ba mu 'yancin faɗin albarkacin bakinmu. Lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS ta ce an saɓa doka. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mu nan mun ɗanɗana, domin mun yi makonni ba mu ji muryar iyayenmu ba, aika kuɗin cefane ma ya gagara. Wannan ya nuna mana cewa sadarwa ba kayan ado ba ce.

To amma magana zarar bunu ce. A watan Agusta na 2014 saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don maganin Ebola, aka rasa rayuka, aka kwantar da mutane a asibiti. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya a garin nan, daga cacar bakin mutane ƙalilan ya faro. A irin wannan rana, tsohon hoto ɗaya daga wata ƙasa, in aka ce yau aka ɗauke shi a Ibadan, zai iya jawo ramuwa a kan bayin Allah a Kano, ramuwar kuma ta dawo kanmu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, yadda aka gyara shi a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 ko tarar da za ta kai Naira miliyan 7, ko duka biyun, ga wanda ya tura abin da ya san ƙarya ne don tayar da hankali ko jefa rayuka cikin haɗari. Tun kafin wannan doka, addininmu ya umarce mu da bincika labari kafin ɗauka. In saƙon tashin hankali ya shigo, kira Sarkin Hausawan wurin ko wani amintacce da ke can ka ji, kafin yatsanka ya taɓa turawa.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ga abin da nake roƙon wannan taro ya amince da shi. Kowane magidanci ya bincika layukan gidansa cikin wannan wata, ya tabbatar kowa da sunansa. Wanda kamfanin waya ke yankar masa kuɗi ba dalili, ya fara kai kuka ga kamfanin ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a share masa hawaye ba ya kira hukumar NCC a 622, kyauta ne. Wanda saƙonnin talla suka dame shi ya rubuta STOP ya tura zuwa 2442. Ajinmu na yaƙi da jahilci, na maza da na mata, ya ƙara darasin karanta saƙon banki, domin wanda ke miƙa wa wani wayarsa a karanta masa ya miƙa mabuɗin ɗakinsa, kuma ni shaida ne cewa girma ba ya hana koyo. A kuma zaɓo matasa amintattu da za su riƙa zama a ofishin ƙungiya suna taimaka wa iyaye da saita wayoyi da rubuta koke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare mana mutuncinmu da dukiyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya mai ɗorewa.